RANAR DA WUTA TA MUTU: TARIHIN LITTATTAFAN "SAUYI" NA S. M. STIRLING

Yau za mu ɗan jingine labaran soyayya da na yaƙi, mu leƙa wani reshe na adabin Turawa wanda ba a cika maganarsa a wajenmu ba. Wato littattafan da ke ƙaga cewa an wayi gari duk na'urorin da ɗan Adam ya dogara da su sun daina aiki, sannan marubucin ya bi sawun waɗanda suka tsira domin a ga yadda za su sake kafa rayuwa. Ɗaya daga cikin mafi tsawo a wannan fanni shi ne jerin littattafai 15 da S. M. Stirling ya fitar daga 2004 zuwa 2018, waɗanda masu karatunsu ke kira Emberverse, ma'ana duniyar garwashi, ko kuma littattafan Sauyi. Amma tun da an ce waiwaye adon tafiya, bari mu fara daga inda abin ya samo asali.

KAKANNIN LABARIN

A 1826 Mary Shelley, matar nan 'yar Ingila da ta rubuta Frankenstein, ta fitar da The Last Man, labarin annobar da ta share mutanen duniya har ya rage saura mutum ɗaya. A nan ba a yi maganar sake gini ba, tun da babu wanda zai gina. Wanda ya fara ɗora harsashin abin da muke magana a kai shi ne Richard Jefferies, a littafinsa After London na 1885. A ciki birnin Landan ya zama wata fadama mai guba, daji ya cinye gonaki da hanyoyi, mutanen da suka rage kuma sun koma zaman sarakuna da barori da kwari da baka. Mai karatu ya riƙe wannan hoton, domin shi ne Stirling zai ɗauko bayan shekara 119.

A 1909 E. M. Forster ya rubuta gajeren labari mai suna The Machine Stops. Mutane suna zaune a ƙarƙashin ƙasa, kowa a ɗakinsa, wata babbar na'ura ke ba su abinci da iska, ta cikinta suke ganin juna suna hira. Har suka koma bauta mata, suka manta yadda ake gyara ta. Ranar da ta tsaya, sai ɗakunan suka zama kaburbura. Duk wanda ya dubi yadda muke da wayoyinmu a yau zai yi mamakin cewa labarin ya haura shekara ɗari.

Sai 1943, lokacin da Faransa ke hannun sojojin Jamus, René Barjavel ya fitar da Ravage. A ciki wutar lantarki ta ɓace daga duniya a shekarar 2052, birnin Faris ya ƙone, wani saurayi ɗan ƙauye ya ja ayari zuwa kudancin ƙasar, ya kafa al'ummar manoma, ya hana ƙera injina, ya sa aka ƙona littattafai. Har gobe ana gardama a kan wannan littafi, saboda saƙonsa ya yi kama da kiran "a koma gona" da gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus ke yi a lokacin. Wannan ya nuna mana tun da wuri cewa marubucin da ya rushe duniya a takarda, yakan sake gina ta ne yadda ransa ke so.

A Amurka kuwa, George R. Stewart ya fitar da Earth Abides a 1949. Jarumin labarin mai ilimi ne, ya tsira daga annoba, ya yi ta fafutukar koya wa yara karatu amma abin ya faskara. Abin da ya karɓu a wajensu shi ne kwari da bakan da ya koya musu kamar wasa, har jikokinsa suka riƙa ƙera bakin kibiya da tsofaffin kwabbai. Shekara goma bayan haka, a 1959, Walter M. Miller ya kawo A Canticle for Leibowitz, inda wasu 'yan zuhudun Kirista suka shafe ɗaruruwan shekaru suna kwafar takardun kimiyyar da ba su fahimta, bayan yaƙin nukiliya. Shi Miller yana cikin sojojin saman da suka yi ruwan bama-bamai a kan tsohon gidan zuhudu na Monte Cassino a Italiya a 1944, abin da ya tsaya masa a rai har ya haifi littafin.

TSORON YANA DA DALILI

Kada mai karatu ya ɗauka waɗannan mutane shaci-faɗi kawai suke yi. A farkon Satumba 1859 wata guguwa daga rana ta bugi duniya, wayoyin tangaraho suka riƙa tartsatsi a Turai da Amurka, wasu ma'aikata suka ji jan wuta a jikinsu. A ranar 9 ga Yuli 1962 Amurka ta gwada bam ɗin nukiliya a sararin sama, kimanin kilomita 400 a kan tekun Fasifik, sai ga fitilun titi kusan 300 sun mutu a Hawai, mai nisan kimanin kilomita 1,400 daga wurin. A watan Yuli 1977 aka ɗauke wuta a birnin Niyok na tsawon kwana ɗaya, kafin a dawo da ita an fasa shaguna fiye da 1,600. A ranar 13 ga Maris 1989 wata guguwar rana ta jefa lardin Quebec na Kanada cikin duhu na awa tara. Sai fargabar 1999, da aka yi ta cewa kwamfutocin duniya za su rikice da shigowar shekarar 2000. Daga nan kuma, a ranar 14 ga Agusta 2003, mutane kimanin miliyan 50 a Amurka da Kanada suka rasa wuta lokaci guda. Shekara ɗaya bayan wannan littafin farko na jerin Sauyi ya shigo kasuwa, ya tarar da zukata a shirye.

WANE NE STIRLING?

An haifi Stephen Michael Stirling a 1953 a garin Metz na Faransa, inda mahaifinsa ke aikin sojan sama na Kanada. Ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Kenya, ya karanta shari'a a Kanada, daga baya ya koma Amurka ya riƙi rubutu a matsayin sana'a. Fannin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne na "da a ce", wato a ɗauki wata gaɓa ta tarihi a juya ta a ga abin da zai biyo baya.

A 1998 ya fitar da Island in the Sea of Time, labarin tsibirin Nantucket da ke gabashin Amurka, wanda wani haske ya lulluɓe cikin dare, da gari ya waye sai ga tsibirin da mutanensa a wajen shekara 1250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya yi littafi uku a kan wannan, ya kammala a 2000. Sai tambaya ta rage: su kuma mutanen da aka bari a wannan zamani, me ya same su a daren? Amsar ita ce Dies the Fire, wato Wuta Ta Mutu, na 2004.

DAREN 17 GA MARIS 1998

A labarin, ranar 17 ga Maris 1998, ƙarfe 6:15 na yamma agogon yammacin Amurka, kowane mutum a duniya ya ga wani farin haske tare da sara a kansa na ɗan daƙiƙa. Shi ke nan. Lantarki ya daina gudu a waya, batir ya mutu, motoci suka tsaya a kan titi, jirage suka riƙa faɗowa daga sama. Abin da ya bambanta Stirling da na gabansa shi ne bai tsaya a lantarki ba. Albarushi ma ya daina fashewa, sai dai ya ci a hankali yana huci, saboda haka bindiga ta zama kulki. Injin tururi kuma ya daina tara ƙarfin da zai ja kaya. Amma wuta tana dafa tuwo, maƙera tana narka ƙarfe, keke yana tafiya, ruwa da iska suna juya injin niƙa.

Wannan dabara ce ta marubuci. Da ya bar bindiga, to wanda ya fi tarin harsashi shi zai ci, labari ya ƙare a babi na uku. Da ya bar injin tururi, cikin 'yan shekaru za a koma zamanin jirgin ƙasa. Da ya toshe ƙofofin nan biyu, sai ya tilasta wa mutanensa komawa ga doki da takobi da garma, ba kuma na ɗan lokaci ba.

Ya ƙiyasta cewa fiye da tara cikin goma na mutanen duniya za su mutu. Lissafin yana da tushe. A 1800, kafin injina su karɓe noma da sufuri, mutanen duniya ba su wuce biliyan ɗaya ba, a 1998 kuwa sun kusa biliyan shida. Abin da ke riƙe da wannan ƙari shi ne tarakta, da motocin dakon abinci, da famfunan tura ruwa, da takin zamanin da aka fara sarrafawa a masana'anta a Jamus a 1913, wanda masana ke cewa kusan rabin mutanen duniya da amfaninsa suke rayuwa. A Amurka manoma ba su kai biyu cikin ɗari ba. Dawaki da alfadaran gona, da suka kai wajen miliyan 26 a zamanin yaƙin duniya na farko, sun ragu zuwa kimanin miliyan uku a 1960. Ga kuma lokacin da ya zaɓa: watan Maris, ƙarshen hunturu, girbi yana can gaba da watanni. Saboda haka manyan birane da kewayensu suka zama abin da littafin ke kira yankunan mutuwa, inda yunwa da annoba suka gama da jama'a, wasu da suka rage suka koma cin naman mutane.

MUTUM UKU, HANYA UKU

Akasarin labarin yana faruwa ne a kwarin Willamette na jihar Oregon, ƙasa mai albarkar noma da ruwan sama. Mutum uku ne ginshiƙansa.

Na farko Mike Havel, tsohon soja, matuƙin ƙaramin jirgi. Yana ɗauke da iyalan wani attajiri mai suna Larsson a kan duwatsun Idaho lokacin da injin ya mutu. Suka tsira, ya jagorance su daga dajin, a hanya ya kashe beyar, wata ƙatuwar dabbar can, daga nan ayarinsa ya sami sunan Makasa Beyar. Ya haɗu da Will Hutton, baƙar fata mai horar da dawaki, wanda iliminsa ya zama dukiyar da ta fi zinariya. Suka zama rundunar mahaya masu sulke, suna yi wa garuruwa yaƙi a biya su da abinci, har suka sami ƙasar kansu.

Ta biyu Juniper Mackenzie, mawaƙiya, mabiyar wani addinin maguzancin Turawa da ake kira Wicca. Tana waƙa a garin Corvallis abin ya faru. Ta gane da wuri cewa zaman gari halaka ne, ta gudu da 'yarta kurma da wasu abokai zuwa wata gonarta a gindin duwatsu, suka duƙufa shuka. Ta ce musu su zauna kamar zuriya ɗaya irin ta mutanen Sukotlan na da. Wasa-wasa abin ya zama gaske, har da tufafinsu. Wani tsohon sojan Ingila, Sam Aylward, ya koya musu sassaƙa dogon baka, suka zama maharban da kowa ke shakka.

Na uku shi ne mugun labarin, Norman Arminger, malamin tarihi a jami'a, masanin zamanin da Normawa suka ci Ingila a ƙarni na 11. Yana cikin wata ƙungiya ta gaske da aka kafa a Kalifoniya a 1966, mai suna Society for Creative Anachronism, wadda 'ya'yanta ke sa sulke suna wasan takobi don nishaɗi. Tun a kwanakin farko ya fahimci cewa bindigar ɗan sanda ta mutu, takobinsa kuwa yana da rai. Ya tara 'yan daba da abokan wasansa, ya kame birnin Portland da rumbunan hatsinsa, ya kori sauran jama'a su je su mutu a waje, ya naɗa kansa Mai Kariya. Ya raba ƙasa ga hakimansa, ya sa aka gina musu ganuwoyi da kankare, manoma suka zama bayin gandu, har Paparoman kansa ya naɗa.

Ban da waɗannan akwai garin Corvallis da majalisar malaman jami'a ke mulka, da 'yan zuhudun Mount Angel da suka zama mayaƙa, da wata yarinya Astrid Larsson, wadda littattafan Tolkien suka shiga ranta har ta kafa rundunar 'yan sintirin daji masu magana da harshen da Tolkien ya ƙaga.

A nan ne, a ganina, zuciyar littafin take. Kowace al'umma ta ɗauki kamannin labarin da ke cikin kan wanda ya cece ta daga yunwa. Soja ya gina barikin soja. Mawaƙiya ta gina duniyar waƙoƙinta. Malamin tarihi ya ɗauko mafi munin babin da ya karanta ya mai da shi doka. 'Ya'yan da aka haifa bayan Sauyi kuwa ba su san wasa ba ne, a wajensu haka duniya take tun fil azal.

Littafi na biyu, The Protector's War na 2005, ya tsallaka shekara takwas gaba, ya kuma leƙa Ingila, inda ya nuna Charles a kan gadon sarauta da laƙabin Charles na Uku, shekara 17 kafin hakan ta faru a zahiri. Na uku, A Meeting at Corvallis na 2006, shi ya kawo babban yaƙin. Wanda bai son a ɓata masa labari ya runtse ido a nan: Havel ya ƙalubalanci Arminger su gwabza su biyu a gaban runduna domin a tsirar da jinin talakawa, ya kashe shi, shi ma raunin da ya samu ya yi ajalinsa.

'YA'YA DA JIKOKI

Daga The Sunrise Lands na 2007 labarin ya koma hannun Rudi Mackenzie, ɗan da Juniper ta haifa wa Havel, shekara 22 bayan Sauyi. Littafi bakwai aka yi a kansa, har zuwa The Given Sacrifice na 2013. Ya ratsa Amurka daga yamma zuwa gabas domin ɗauko wani takobi a Nantucket, ya yaƙi wata ƙungiyar asiri mai annabin ƙarya daga Montana, ya auri Mathilda 'yar Arminger, suka haɗe ƙasashen iyayensu cikin daula ɗaya mai suna Montival. Littattafai biyar na ƙarshe, daga The Golden Princess na 2014 zuwa The Sky-Blue Wolves na 2018, na 'yarsu Órlaith ne da ƙawarta Reiko, sarauniyar Japan.

A tsakanin waɗannan shekaru fannin ya cika da 'yan kasuwa. A 2009 William Forstchen ya fitar da One Second After, wanda ya jingina da irin abin da ya faru a Hawai a 1962, ya nuna yadda ƙaramin gari a jihar North Carolina zai ƙare idan aka kashe lantarkin Amurka da bam daga sama. Daga 2012 zuwa 2014 kuma gidan talabijin na NBC ya nuna wasan Revolution a kan duniyar da ba lantarki.

INDA AKA SOKE SHI

An soki Stirling ta fuskoki da dama, kuma wasu sukan suna da ƙarfi. An ce sa'ar ta yi yawa: duk inda jarumai suka juya sai su yi kiciɓis da maƙeri ko masassaƙin baka ko likita. An ce ya tsara dokokin Sauyi ne domin irin mutanen da yake sha'awa, masu wasan takobi, su zama sarakuna. An ce yana ɓata shafuka wajen siffanta abinci da tufafi. Babbar suka kuwa ita ce, littattafan farko uku suna maganar iri da rijiya da annoba, amma daga na huɗu sai tsafi da wahayi da takobin sihiri suka mamaye, har aka nuna cewa wasu ikoki na gaibu ne suka kawo Sauyin. Wannan ya raba kan masu karatunsa gida biyu.

Ni kuma zan ƙara biyu. Mai karatu Musulmi ya sani cewa littattafan cike suke da bukukuwan bautar alloli, marubucin kuma ya zana su da ƙauna, saboda haka a karanta da idon basira. Sannan Afirka tana can gefe, in ma an ga mutanenta to galibi 'yan fashin teku ne daga Dakar. Nahiyar da ke cike da masu noma da hannu, ita ce aka fi yin shiru a kanta.

ABIN DA YA SHAFE MU

Akwai wurin da tarihinmu ya gitta wannan labari. Abin da Stirling ya cire daga duniya, wato albarushi, shi ne ya kawo ƙarshen zamanin doki a ƙasar Hausa. A farkon Fabrairu 1903 igwa ta fasa ƙofar Kano, a watan Maris aka ci Sakkwato, a watan Yuli aka yi Burmi, inda bindiga mai ruwa ta gama da masu takobi da mashi. Duniyar da Ba'amurke sai ya tona littattafan ƙarni na 11 kafin ya hango ta, mu kakannin kakanninmu sun rayu a cikinta, sulke da lifidi kuma har yanzu suna fitowa a hawan salla.

Amma kada wannan ya sa mu ce ai mu mun saba da ɗauke wuta, ba abin da zai same mu. Ɗauke wutar da muka sani akwai janareto a bayanta, akwai tirelar da ke kawo hatsi Dawanau, akwai injin da ke jawo ruwa daga burtsatse, akwai buhun taki. A cire waɗannan rana ɗaya, a ƙirga mutum nawa ne a unguwa suka san haƙa rijiya, ko ajiye iri ya kai wata damina, ko jima, ko ƙira. Yawancin masu wannan ilimi tsofaffi ne, kuma ba a rubuce yake ba.

Ga 'yan uwana marubuta kuwa, filin a buɗe yake. Tun 1969 Umaru Dembo ya nuna da Tauraruwa Mai Wutsiya cewa Hausa za ta iya ɗaukar ƙagaggen labarin kimiyya, masu karatunmu kuma ba su taɓa gajiya da labarin doki da takobi ba. Wanda zai gwada kada ya kwafi Oregon. Ya zauna da maƙeri da manomi da ungozoma ya tambaye su, ya yi lissafin damin hatsi nawa gari ke ci a wata, sannan ya tambayi kansa wane labari ne ke cikin kan mutanenmu wanda za su koma gare shi ranar da komai ya tsaya: na adalci da amana, ko na mai ƙarfi sai Allah. Mu masu alƙalami muna cikin masu zuba wannan labari a zukata, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Allah Ya kiyashe mu da ganin irin wannan rana, Ya sa mu amfana da abin da muka karanta. Wassalam.